Kwalabe Tara da Damaris Ta Bari

Ranar Talata, ashirin da uku ga Afrilu, tsakanin ƙarfe takwas na safe da sha ɗaya, aka shiga gidana a unguwar Romi aka kwashe kwalabe tara na ƙarshe da matata ta bari.

Ina asibiti a lokacin, wurin awon hawan jini, kamar kowace Talata. Likita ya ce jinin ya sauka, har ya taya ni murna. Na dawo na tarar da kabad ɗin gilashi na falo a buɗe, layin sama babu kome sai zagaye tara a cikin ƙura. Talabijin na nan. Rediyo na nan. Kwalabe uku na giyar Faransa da tsofaffin ɗalibaina suka ba ni ranar da na yi ritaya suna nan, ko taɓa su ba a yi ba. Na zauna na cire takalmi. Na jira in ji wani abu a raina, bai zo ba, sai na tashi na dafa shayi.

Sunana George Kambai. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da adabi a sakandare, ban taɓa ba ɗalibi maki sama da sittin da biyar ba, don yabo yana lalata hannu. Matata Damaris ta rasu a watan Yunin bara, ciwon ƙoda. Giya take yi a ɗan ɗakin da ke bayan kicin, kwalba sittin ko saba'in a shekara, don bukukuwan aure da baftisma da Kirsimeti na mutanen cocinmu. Ruwan inabi take ce mata, ko da yake babu inabi ko ƙwaya ɗaya a ciki. Iri biyu ce. Akwai ja, ta zoɓo, wadda ta sa wa suna mai kwanciya. Akwai fara, ta citta da abarba, wadda ke ƙarasa nuna a cikin kwalba har ta yi kumfa, ita ce mai tashi. Kowace shekara ni take ba kofin farko, ta tsaya ta sa hannuwa cikin zani tana jira. In ɗaga kofin wajen haske, in shinshina, in kurɓa, in ce, “Ba laifi.” Haka muka yi shekara talatin da ɗaya.

Masu tashin aka ɗauka. Masu kwanciya biyar suna layin ƙasa inda na bar su.

Masu tashin guda goma ta bari. A watan Fabrairu na ɗebo su daga ramin da take ajiya a bayan kicin na jera a falo. Ɗaya ta fashe da kanta satin da ya wuce, da tsakar rana. Na share, na ɗora laifin a kan gilashin zamani. Ban buɗe ko ɗaya ba, ba ni kuma da niyyar buɗewa. Amma a jikin kowace kwalba akwai takarda da rubutun hannunta, wata da shekara, kuma bayan waɗannan babu wasu.

*

Kafin shayin ya huce unguwa ta cika gidan. Maman Favour, maƙwabciyata ta dama, ita ta fara shigowa, kuma da sunan ɓarawon a bakinta ta zo.

“Emma ne, Ticha. Wa zai bar talabijin ya ɗauki giya in ba mashayi ba?”

Emma ɗan acaɓa ne da ke haya a ƙarshen layinmu, shekararsa arba'in, ba shi da mata, kuma ba ya ɓoye cewa yana son burkutu. Kafin ƙarfe biyu 'yan banga sun kama mashin ɗinsa sun ɗaure da sarƙa a ofishinsu, suka ce sai kwalabe sun fito. Wani ya ce a kore shi daga unguwa. Wani ya ce ai dama. Mutum ashirin da wani abu suka zo mini jaje a ranar, kowa da shawararsa. Scholastica, ƙanwar matata da ke noman citta a ƙauyen Kakau, ba ta zo ba, ba ta kuma kira ba. Ban yi mamaki ba. Tun Ista ba ma magana.

Mai unguwa ne ya turo Baba Didam. Tsohon maharbi ne daga wajen Zonkwa, ya haura saba'in, gajere, ido ɗaya ya fara fari. Bin sawu ne aikinsa tun da ƙafafunsa suka gaji da daji: akuyar da aka sace, saniyar da ta ɓace, wani lokaci mutum. Ya tsaya a bakin falo ya kori kowa da sandarsa kamar kaji.

“Ticha, ka share wurin nan?”

“Tun da ta rasu ba a yi masa shara ta kirki ba.”

“Madalla. Yau ƙazantarka za ta yi mana rana.”

Ya durƙusa da ƙyar a gaban kabad, ya dangwali wani abu ya murza tsakanin yatsu.

“Kana gini ne?”

“A'a.”

“Yashi ne wannan. Fari, da sauran danshi.”

“Takalman masu jaje ne.”

“Masu jajenka jar ƙasa suke takawa.” Ya ƙulle yashin a gefen hankici. “Wa ke da makullin ƙofar baya?”

“Ba na kulle ta. Damaris ce ke kullewa.”

Ya kalle ni da idon mai kyau.

An yi ruwa da asubar ranar, ruwan kirki na farko a bana, ƙasar bayan gida ta yi laushi. Sawun yana nan a fili har ni ma na gani: silifas, ƙaramar ƙafa, layi biyu, na shigowa da na fita. Baba Didam ya karyi tsinke ya tsoma a diddigen sawun shigowa, ya sa farce ya yi alama. Ya tsoma a na fita, ya sake alama. Ya miƙo mini.

“Me ka gani?”

Na karanta labaran binciken laifi sun fi ɗari biyu, kuma a yawancinsu nakan gano mai laifin kafin babin ƙarshe. Na kalli tsinken da kyau.

“Na ga tsinke,” na ce.

Ya soke shi a bayan kunne. Muka bi sawun ta tsakanin gonakin bayan layi. Taku gajeru ne, a jere, babu inda ƙafar ta zame. Sau uku mai sawun ya tsaya, kuma duk ukun a inuwa ne, ƙarƙashin dalbejiya, gindin katangar wata makaranta, sai ƙarƙashin mangwaro. A kowane wuri akwai zagayen gindin daro a taɓo.

“A littattafanka yaya ɓarawo yake tafiya?”

“Da sauri.”

“Wannan kuwa kamar an goya masa jaririn da aka sha wahala kafin ya yi barci.”

A bakin titi sawun ya wuce tashar 'yan acaɓa ko tsayawa bai yi ba, ya ƙara gaba kusan taku ɗari biyu zuwa inda motocin haya ke lodi. Daga nan kwalta ta haɗiye shi.

*

Washegari da safe muka sami Emma zaune a kan benci a gaban ofishin 'yan banga, yana gadin mashin ɗin da ke ɗaure.

“Dadi, ni?” Ya dafa ƙirji. “Ni da Mama Damaris ke ba ni tuwo in na yi rashin lafiya? Kuma ma, ka yi haƙuri, giyar Mama ba tawa ba ce. Sau ɗaya na sha a bikin 'yarka Debby, ta hau mini hanci, na yi atishawa a gaban Fadan coci. Ni abin da zai zauna a ciki nake so.”

“Ina kake jiya da safe?” in ji Baba Didam.

“Unguwar Sabo na kai mijin Maman Favour, na jira shi, na dawo da shi. A tambaye shi mana. Matar ta manta wannan?”

“Cire takalminka.”

Emma ya cire. Ƙafa ce irin wadda in ta taka taɓo sai kwaɗi su samu gida. Baba Didam ya kalle ta, ya kalli shugaban 'yan banga, ya ce a kwance mashin. Shugaban ya ce sai an ga kwalabe tukuna, don unguwa ta riga ta yi magana.

“To in kwalabe ake nema, a je wurin Oga Sam,” in ji Emma. “Jiya da yamma, da na rasa abin yi, na bi wani abokina can. Na ga kwalbar Mama a kan kanta da idona, da rubutun da kome.”

Na san Sam. Yana da gidan shaƙatawa a hanyar Abuja, kuma sau biyu bayan jana'iza ya zo yana neman in sayar masa da kwalaben, har da littafin da Damaris ke rubuta ma'auninta. A karo na biyu ban ba shi kujera ba.

*

Mun isa ƙarfe ɗaya na rana, wurin babu kowa sai fanka. Kwalbar tana kan kanta kamar yadda Emma ya faɗa. Rubutun nata ne. Na san yadda take jan wutsiyar bakwai.

“Oga Ticha! Ka tuna da mu ke nan.” Sam ya fito yana gyara bel. Da ya ga inda nake kallo, murmushin ya tsaya a inda yake.

“Buɗe ta,” in ji Baba Didam. “Kofi biyu.”

“Baba, ta kwastoma ce.”

“Mu ne kwastoman.”

Ta buɗe da ƙara mai yawa. Na ɗaga kofin wajen taga. Kumfar manya-manya ce kamar idon kwaɗo, ta taso a hargitse, ta mutu kafin in ƙirga goma. Na shinshina, na kurɓa, na tofar a tukunyar furen roba da ke gefe.

“Ba tata ba ce.”

“Ta yaya ka sani?” in ji Baba Didam. Ya riga ya shanye nasa. “Ni na ji citta.”

“Shi ne matsalar, ka ji ta tun a bakin ƙofa. Ta Damaris kumfarta ƙanana ce kamar ƙwayar acca, tana tasowa daga gindin kofi a layi ɗaya kamar zare, sai ta yi rabin awa ba ta gaji ba. In ka kai hanci, ƙamshin burodi mai zafi ke fara zuwa, sannan abarbar da ta nuna har ta kusa wucewa. A baki ba ta da zaƙi, don sukarin ya riga ya ƙone ya zama kumfa. Ɗan tsami ne mai wanke harshe. Citta ba ta cewa kome sai ka haɗiye, sannan ta taso a maƙogwaro a hankali, kamar baƙon da ya kai ƙofa ya tuna abin da ya kawo shi. Wannan lemon kwalba ne da barasar ogogoro.”

Sam ya zauna.

“Abeg, Oga Ticha, kar maganar nan ta fita. Mutane na tambayar giyar Madam, Madam ta tafi, kai kuma ka ƙi. Tsofaffin kwalabenta ne da na ajiye. Duba shekarar.”

Na duba. Ta shekara uku da suka wuce ce. Rubutun na kalla, ban kalli abin da ya ce ba. Na ɓare takardar daga jikin kwalbar na sa a aljihu, na ce ya kawo sauran. Guda huɗu ne. Su ma na ɓare.

A bakin titi, muna jiran mota, Baba Didam ya ce, “Ashe ka san giyar matarka haka.”

“Na karanta littattafai huɗu a kan giyar Faransa da Italiya.”

“Ban ji Faransa a abin da ka faɗa ba. Ita me ta ce ranar da ka gaya mata wannan?”

“Ga mota can,” na ce.

A cikin motar ya sake tambaya. “Bayan ita, wa ya san aikin?”

“Babu.”

“Ƙanwar fa?”

“Scholastica citta take kawowa, ta wanke kwalabe. Firamare ta gama.”

“To,” ya ce, ya rufe idon mai kyau.

Ranar Alhamis ban gan shi ba. Na wuni ina kallon zagaye tara a cikin ƙura. Maman Favour ta aiko mini da faten doya da saƙon cewa duk da haka ita Emma take zargi.

*

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma, Baba Didam ya tara mu a gindin mangwaron tsakar gidana. Akwai mai unguwa da shugaban 'yan banga, Maman Favour, Emma, da Sam wanda ya zo da tabarau baƙi. Scholastica ta zo daga ƙarshe, ta gaida kowa, ta ce mini, “Sannu, Baban Debby,” ba tare da ta dube ni ba, ta zauna a kan turmi. Al'ada ta ba ni da ita izinin wasa, irin na miji da ƙanwar mata. Shekara talatin da huɗu ba mu taɓa amfani da izinin ba.

Baba Didam ya aro farantin tangaran daga kicin ya zuba yashi tuli uku.

“Ba Emma ba ne,” ya ce. “Ƙafar ba tasa ba ce, kuma mai acaɓa ba ya wuce tashar acaɓa da kaya a ka ya je jiran mota. Wanda ya yi haka tsoron girgiza yake ji. Ba Sam ba ne. Sam da ya shiga falon nan, giyar Faransa zai fara ɗauka.”

“Na gode, Baba,” in ji Sam.

“Ba yabo ba ne.” Ya zaro tsinken daga bayan kunne ya ɗaga. “Shekara hamsin ina bin ɓarayi. Duk ɓarawo da sauƙi yake shiga, ya fita da nauyi. Sawun shigarsa a sama yake, na fitarsa ya nutse. Ku dubi alamun nan biyu, ɗan kaɗan ne tsakaninsu. Wannan ya shigo gidan da kaya a kansa, kaya mai nauyi. Sai na ce, wane irin ɓarawo ne ke kawo wa gidan da zai yi wa sata kaya? Me ya kawo?”

Ya nuna tulin farko. “Wannan na ɗebo a gaban kabad. Wannan na biyu na masu gini ne a nan Romi, ja ne, da tsakuwa. Na ukun jiya na ɗebo shi a rafin da ke bayan gonaki a Kakau. Mai unguwa, idonka ya fi nawa.”

Mai unguwa ya sunkuya. “Na farko da na uku ɗaya ne. Har ƙyallin.”

“Mutum ya ɗebi yashi mai sanyi tun daga Kakau, ya shiga mota da shi, ya kawo Romi a daro, don ya ɗauki kwalabe tara ya bar biyar. Ni ban san dalili ba, ba aikina ba ne. Na ce wa mai shi ya zo ya faɗa da bakinsa, ya fi daɗin ji.”

Maman Favour ta fara duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

“Ni ce,” in ji Scholastica. “Kuma gobe ma zan sake.”

Ta tashi daga kan turmin. Sai yanzu ta dube ni.

“Mai tashi tana da rai, Baban Debby. Sau uku na gaya maka. Akwai guiɓi a cikinta, shi ke cin sukari yana ba da kumfa. Ana kifa kwalbar ne, kai a ƙasa, cikin yashi mai sanyi, kowace safiya a juya ta kaɗan, har guiɓin ya sauko ya taru a murfi. Sannan a buɗe ya fice, a sake rufewa. Yaya ba ta kai ga wannan ba aka kwantar da ita. A gadon asibiti ta ce mini, Schola, kar ki bar su. Wata takwas ina zuwa daga Kakau duk lokacin da gona ta sake ni, ina juya su, kana falo kana karatu, ko ɗaga kai ba ka yi. Saura kaɗan su yi, na zo na tarar ka tone su ka tsayar a gaban taga kamar kofunan ƙwallo. A watan Fabrairu! Zafi na tahowa! Me ka ce mini?”

Na kalli farantin yashin.

“Faɗa musu mana, kai ne mai Turanci.”

“Na ce ba doya ba ce da za a binne ta.”

Emma ya yi dariya, ya mai da ita tari.

“Yashin ramin ma ka kyautar wa mai gyaran katanga. Da Ista na durƙusa maka a falon nan, ka ce wadda ta tsaya a aji shida ba za ta koya maka giya ba. Da na ji ɗaya ta fashe, na ce shi ke nan. Da na bari har ƙarshen Mayu, shara za ka yi sau tara.” Ta juya wajen Emma. “Ƙanena, ka yafe mini. Ban san an kama mashin ɗinka ba sai jiya da Baba ya zo. Da na sani da tun Laraba na zo.”

“Ba kome, Anti. A kwance mini shi kawai.”

Maman Favour ta tuna ta bar tukunya a wuta.

“Suna nan lafiya?” na tambaya. Muryar ta fito kamar ina tambayar lokaci.

“Duk taran. Sun yi duhu kamar kunu saboda tsayuwar da ka sa su. Sai sun yi sati uku a kife kafin su washe.”

Shugaban 'yan banga ya gyara murya. “Ticha, kaya naka ne. In kana so a kai maganar gaba, a kai.”

“A kwance wa Emma mashin,” na ce. “Babu wata magana.”

Mutane suka fara tashi. Scholastica ba ta motsa ba.

“Abu ɗaya nake so in sani. Kai da ba ka taɓa leƙa ramin nan ba tana da rai, me ya kai ka tone su?”

Ina da amsoshi uku daga littattafai, duk a shirye.

“Rubutun a juye yake,” na ce. “Rabinsa kuma cikin yashi. Ba ya karantuwa.”

Mai unguwa ya kalli Baba Didam, bai gane ba. Scholastica ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara ɗankwali ta ce in zo Kakau ranar Litinin da safe, in kuma sa takalmin da ba na tausayi.

*

Ramin nata yana gindin wata ɗorawa, kusa da rafi, an rufe shi da asabari da ganyen ayaba. Kwalaben tara suna kife a jere, gindinsu a sama. Ta nuna mini yadda ake yi: yatsu uku a gindin kwalba, a juya kashi ɗaya cikin huɗu, a ɗan girgiza kamar ana tashin mai barci, a mayar. Sau shida na je a cikin sati ukun. A karon farko ta ce hannuna na mai riƙe alli ne. A karo na biyar ba ta ce kome ba. Na fahimci wannan shi ne makin da take bayarwa.

Ranar sha takwas ga Mayu, da hantsi, ta zaro ɗaya ta ɗaga wajen rana, kai a ƙasa. Ta washe tas. Guiɓin ya taru a wuya, ɗan fari-fari, bai fi kaurin farce ba. Ta warware wayar, ta kama murfin, ta karkatar da kwalbar tana ɗago bakin a hankali. Ta saki. Guiɓin ya fice ya faɗa ƙasa, ta toshe bakin da babban yatsa kafin kumfa ta bi shi. Duka-duka bai kai ƙiftawar ido uku ba. Shekara talatin da ɗaya ana wannan a bayan kicin ɗina, ban taɓa gani ba.

Ta zuba mini a kofin gilashi ɗaya tilo da take da shi.

Zaren ya taso daga gindin kofin, siriri, bai karkace ba. Burodi mai zafi. Abarba. Wannan ta daɗe a kan guiɓinta fiye da duk waɗanda suka gabace ta, sai ta samu wani abu kuma, kamar gyaɗar da aka soya aka bari ta huce. Na kurɓa. Ta wanke harshe ta wuce. Na jira. Cittar ta zo a lokacinta.

“Duk shekara,” in ji Scholastica, “in ta ɗaure wayar kwalbar ƙarshe sai ta ce, bana dai zai faɗa. In ce mata, Yaya, ki haƙura da mutumin nan. Ta ce a'a, da bai so ba da bai shanye kofin ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa rage ɗigo ba.”

Ban tambaye ta me zan faɗa ba.

Ta tsaya a gabana, ta sa hannuwa cikin zani. Ban ga alamar ta san ta yi hakan ba.

“To, yaya?”

Na buɗe baki. Abin da ya saba fita shi ya fita.

“Ba laifi.”

Ta gyaɗa kai, kamar wadda ta ji an faɗi sunan garinsu daidai. Ta ce bari ta ɗauko sabuwar waya a ɗaki, akwai sauran takwas.

Na zauna a saiwar ɗorawa da kofin a hannu. Rabinsa ya rage, zaren bai daina tashi ba. Kwalbar tana tsaye a kan yashi, rubutun yana kallona daidai, wata da shekara, lokacin da take da sauran sati biyar a duniya ba ta sani ba. Na shanye, ban rage ɗigo ba.

Damaris, ta yi daɗi. Tun ta farkon ma ta yi daɗi.